Allurar Motar Baba

Wani ne ya gaji tsohuwar motar babansa, irin mai dogon hancin nan da ƙarfenta ya fi na ƙofar kurkuku kauri. Lafiyarta lau, sai dai agogon da ke nuna juyin inji. Allurarsa ba ta da kunya. Mota na tsaye, ita tana can sama tana rawa. An taka totur, sai ta kwanta kamar ta sha maganin mura.

Ga shi wani attajiri mai tara tsofaffin motoci ya ce gobe zai zo ya gani, in babu aibu ya saya. Hankalin mutumin ya tashi, ya garzaya gareji.

Bakanike ya saurari inji, ya ce, “Fulogi ne.”

Aka canza fulogi. Allura ta ƙara da tsalle.

“To yanzu fa?”

“Ai ka ga ta samu ƙarfi. Je ka wurin mai waya, mai gyaran wutar mota.”

Mai waya ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya danna wata waya da yatsa, allura ta nutsu. Ya saki, ta koma rawarta.

“Wayar ce ta saki jiki. Sai na kwance gaban motar duka, ka dawo jibi.”

“Jibi? Haba maigida, gobe fa ake zuwa. Ba ka sayar da yatsan?”

Mai waya ya kore shi.

Da ya koma gida sai ya zare gilashin agogon, ya ɗiga gam, ya manne allura a kan lamba biyu. Ya kira matarsa ta zo ta ga aikin da masu sana'a suka kasa. Ta duba, ta ce Allah ya kyauta, ta koma wankinta.

Washegari attajiri ya zo, ya tayar da mota. Allura ko gezau.

“Ka ga nutsuwa, ranka ya daɗe,” in ji mutumin.

Attajiri ya taka totur har tagogin maƙwabta suka yi karkarwa. Allura na kan biyu. Ya kashe inji, ya zare mukulli, ya ɗaga shi sama. Unguwa ta yi tsit.

“Malam, ga mukulli a hannuna, amma allurarka ta ce inji na juyawa.”

“To ai ƙarfen da can ke nan, ranka ya daɗe. Ragwayen motocin yanzu ne ke jiran mukulli kafin su yi aiki.”