Ranar da Na Durƙusa Gaban Suruki Na Kasa Tashi

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Lahadi ba, wadda na durƙusa a gaban mahaifin matata na kasa miƙewa. Lokacin ba ta zama matata ba tukuna, kuma saura ƙiris wata jar mota ta sa a ba wani ita.

Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ne, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice. Mai tafiya a ƙasa ya sayi keke, mai keke ya hau babur, mu kuma ƙananan akawuna na ofishin gona a nan Gombe muka ga ai mun wuce babur. Ni dai mota nake so, kuma ina da dalilina. Ina neman Asma'u, 'yar Alhaji Hammadu na unguwar Malam Inna (a lokacin sai ka bar gari ka ratsa gonaki kafin ka isa can), labari kuma ya zo mini cewa Alhaji ba ya son ba ɗan boko 'yarsa. Wai ba mu jin maganar manya, kuma a tsaye muke gaisuwa, hannu a aljihu. Da ƙyar Baffana Sale, wanda rumfarsa ke kusa da ta Alhaji a Kasuwar Gombe, ya shawo kansa. Alhaji ya ce in zo ranar Lahadi bayan la'asar ya gan ni da idonsa, daga nan ya yanke magana. Mai hankali in ya ji haka sai ya je ya gyara gaisuwarsa. Ni kuwa na zauna na yi tunani mai zurfi, na gano cewa abin da zai burge dattijo mai garken shanu shi ne ya ga na fito daga mota.

Aka ce mini motocin hannu masu kyau sai Kaduna, inda Turawa masu komawa gida ke barin nasu. Na roƙi Baba Manu, direban ofishinmu, ya raka ni. Baba Manu gajeren dattijo ne, siriri, ya yi shekara da shekaru yana jan manyan motocin auduga tun hanya ba kwalta, amma in yana tafiya bayansa a miƙe yake cak, ba ka ce ya haura sittin ba. Maganarsa ba ta da yawa. Ni kuma, gaskiya, ba shawararsa nake so ba. So nake dillalai su ga na zo da tsohon direba, kar su yi mini wayo.

Muka hau jirgin ƙasa, muka isa, ranar Asabar dillali ya kai mu wani fili. Motoci biyu ne aljihuna zai iya ɗauka. Ɗaya fara ce, doguwa, kamar akwatin kaya, irin wadda ko ka tsaya da ita bakin hanya sai a tambaye ka ko kana zuwa Bauchi. Ɗaya kuma ja ce mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa, kujerunta baƙar fata suna sheƙi. Ina ganinta na ji zuciyata ta biya kuɗin tun bakina bai yi tayi ba.

Baba Manu ya buɗe bonet ɗin kowacce, ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce lafiyarsu lau. Na ce alhamdulillahi, an gama. Ashe shi a wurinsa ba a fara ba. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya shiga farar motar, ya riƙe sitiyari, ya taka kuloci ya saki, ya sake takawa, sannan ya jingina ya rufe ido. Muka tsaya. Dillali ya sha sigari guda har ya ƙare, Baba Manu bai motsa ba. Sai dillalin ya matso ya raɗa mini, "Malam, tsohon naka barci ya zo yi?" Kunya ta kama ni, na yi wata 'yar dariya don in nuna ni ɗan birni ne, ba ruwana da wannan ƙauyanci.

Da ya koma jar motar bai daɗe ba. Ya zauna, ya ɗan karkata, ya fito. Ya tura hannu ƙarƙashin kujerar ya lalubo, ya danna soson da tafin hannu, gefe guda ya lotsa bai taso ba.

"Malam Akawu," in ji shi, "wanda ya hau motar nan ƙato ne, kuma a gefe guda yake zama. Ya cinye kujerar, waya biyu sun tsinke a ciki. Ka duba, gwiwarka za ta fi ƙugunka tsayi. Cikin gari ba komai. Amma Gombe da nisa."

"Baba, ai mota ake saya, ba kujera ba," na ce, ina kallon dillali don ya ji na iya magana.

"To," in ji Baba Manu. Ya sa takalmansa. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma har yau wannan "to" ɗin tana ba ni tsoro in na ji ta a bakin dattijo.

Muka tashi bayan sallar asuba ranar Lahadi, ni ke tuƙi. Daga Kaduna zuwa wajen Saminaka sarki nake. Na sa baƙin tabarau, na ɗora gwiwar hannu a taga, duk ƙauyen da muka ratsa sai na danna oda ko babu akuya a hanya. Muna hawan duwatsun Jos na fara jin wani abu yana cizona a kwankwasona na dama. Na gyara zama, ramin kujerar ya mayar da ni inda ƙaton Baturen ya saba zama. Ga fatar nan da ta burge ni ta ɗau zafin rana, rigata ta manne mini a baya sharkaf.

A Jos muka sha mai. Baba Manu ya naɗe dardumarsa ya miƙo mini. "Sa wannan ta cike ramin."

"Ba komai, Baba, daɗi ma nake ji."

A Bauchi muka tsaya sallar azahar, na yi ruku'u kamar mai ɗauke da buhun gero. Ya gani, da muka fito sai ya ce, "Kawo makulli in kama maka, ka kwanta a baya ka miƙe ƙafa." Na ƙi. Yaya za a yi in sayi mota, sannan a shigo da ni Gombe a kwance a baya kamar marar lafiya? So nake 'yan ofishinmu da ke zama bakin titi su gan ni a sitiyari. (Ba ko ɗayansu a bakin titi ranar. Lahadi ce, kowa na gidansa.)

Daga Alkaleri zuwa Gombe ba na son tunawa. Ciwon ya sauko daga kwankwaso ya bi bayan cinya har dunduniya, ƙafar ta yi ta tsira mini allurai, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya. Kowane rami a hanya sai na ji shi a haƙorina. Baba Manu kuwa yana gefe yana jan carbi, lokaci-lokaci ya ce, "Rage wuta, akwai gada a gaba," ko "Bar wa babbar motar nan hanya." Hanyar a kansa take kamar tsakar gidansa. Ko sau ɗaya bai kalli ƙafata ba, don kar in ji nauyi.

Muka isa ana fitowa daga la'asar. Na tsaya gida na yi sallah a daddafe, na zura babbar riga, muka ɗauki Baffa Sale (shi da ya naɗe kansa ya shiga baya, sai da ya tambaya ko motar yara ce), muka nufi Malam Inna. Baba Manu ya ce zai jira a waje. Abin haushi, Alhaji bai ga fitowata daga motar ba ma, yana cikin zaure.

Zauren cike yake. Alhaji Hammadu na kan buzu, dogo, fari, mai farin gemu, ga ƙannensa biyu da limamin unguwa, ga ƙwaryar kindirmo a tsakiya an rufe da faifai. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na ja ƙafar nan na shiga, na zube na durƙusa. Ina kaiwa ƙasa na ji wani abu ya ce ƙas a bayana, ya kulle.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta aiki da ta hanya da ta shanu, ina amsawa kaina a sunkuye. Liman ya dubi Baffa ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi." Baffa ya yi murmushi, ya gyara zama.

"Tashi ka zauna kan tabarma, ɗana," in ji Alhaji.

Na gwada. Babu abin da ya motsa. Na ce, "Nan ma ya isa, Baba."

Suka dubi juna cikin jin daɗi. Aka ci gaba da hira, aka tambayi asalina, aka gano kakana ya taɓa sayen bijimi wurin mahaifin Alhaji. Gumi yana ɗiga daga haɓata zuwa tabarma. Alhaji ya sake cewa in zauna, na sake cewa nan ya isa. Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce cikin Fulatanci, wanda nake ji sama-sama, wai ko a rugarsu an daina samun mai kunya irin wannan.

Karo na uku muryar Alhaji ta canja. "Ɗana, ladabi ya yi. In babba ya ce ka tashi, tashin shi ne ladabin."

Baffa ya harare ni. Na ce a raina yau ko mutuwa ce sai na miƙe. Na dafa ƙasa, na tattara ƙarfina, na yunƙura. Ƙafar hagu ta tashi, ta dama ta ce ba da ita aka yi shawara ba. Na tafi luu ta gefe, na kai hannu neman abin riƙewa, na sami ƙwaryar kindirmo. Na faɗi rigingine, hula ta gangara ta tsaya gaban liman, kindirmo ya wanke mini ƙirji da rabin gemun Baffa. Daga bayan zanan da ya raba zauren da cikin gida na ji mata sun ƙyalƙyale da dariya, sannan suka danne. Na san muryar ɗaya daga cikinsu.

"Subhanallahi! Farfaɗiya gare shi?" in ji wani ƙanen Alhaji. Wannan kalma ta fi faɗuwar ciwo, don na san in ta fita daga zauren nan, magana ta mutu.

Sai ga sallamar Baba Manu. Ya gaida kowa a natse kamar ba mutum ne kwance cikin nono ba, sannan ya ce, "Alhaji, ba ciwo ba ne, kujerar mota ce. A ba ni wuri." Ya juya ni rub da ciki, ya lalubi wani wuri a kwankwasona da babban yatsa ya danna, na saki wata ƙara da ban san ina da ita ba. Ya lanƙwasa ƙafar, ya ja, ya murza, ya sake ja. A hankali na ji jini yana komawa, yatsuna suka fara motsi.

Yana murzawa yana magana, bai ɗaga kai ba. "Yaron nan tun daga Jos yake cikin azaba, Alhaji. Bai ce wayyo ba, bai yarda mu tsaya hutawa ba, don kar ya saɓa lokacin da ka ba shi."

Duk abin da ya faɗa ya faru, amma ni da shi mun san abin da ya bari bai faɗa ba. Mutumin da na yi wa dariya gaban dillali shi ne yake rufa mini asiri, kuma ya miƙo mini hanyar fita a sauƙaƙe. Wallahi sai na ji kunyarsa ta fi ta zauren duka.

"Haka ne, ɗana?" in ji Alhaji.

Ina kwance, kumatu a tabarma, na ce, "Rabi ne, Baba. Ya gargaɗe ni a kan motar, na ƙi ji. Ya ba ni darduma, na ƙi. Ya ce zai karɓi tuƙi, na ƙi. So nake ka ga na zo da jar mota."

Na ji Baffa ya ja dogon numfashi, irin na wanda ya ga wahalarsa ta wata uku ta zube. Sai kafaɗun Alhaji suka fara rawa. Ya sa gefen rawani ya toshe baki, abin ya ƙi, ya saki dariya har da hawaye, liman ya taya shi.

Da ya natsa ya share ido, ya dubi Baffa. "Malam Sale, rashin jin magana kam akwai shi, ban yi ƙarya ba. Amma na aurar da 'ya'ya huɗu, ban taɓa samun wanda ya kwanta a gabana ya faɗi wautarsa da bakinsa ba. Irin wannan in ya ɓata wa 'yata rai, zai iya cewa shi ne da laifi. Ku turo manya a sa rana." Sannan ya juya wajen Baba Manu ya ce, "Kai kuma don Allah kai za ka tuƙa su gida."

A kujerar baya na koma gida, a kwance, ina warin nono, Baffa na gaba yana tsefe gemu.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya riƙe ni. In za ka sayi motar da za ka yi doguwar tafiya da ita, ka tambayi kwankwasonka kafin ka tambayi idonka, don shi zai biya. In kuma ka riga ka yi wautar, gara ka faɗa da bakinka tun kana ƙasa, daga can babu sauran inda za ka faɗa. Asma'u dai ta yarda da ni a komai ban da abu guda. Yau jikokinmu sun fara aure, amma ko a gidan wa na durƙusa gaisuwa, sai in ga ta tashi a hankali ta janye ƙwarya daga kusa da ni.