Alƙiblar Ɗakina a Garwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matan gidanmu suka fara shiga ɗakina a Garwa ba.

Daga Meiganga aka turo ni aikin jinya, kuma barci na sha a mota har tasha. Ina buɗe ido kaina ya yanke hukunci cewa gabas tana wajen ƙofar ɗakin da na kama. A makarantar jinya an koya mana cewa akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa da ke riƙe wa mutum gabas da yamma. In suka kama kuskure ranar farko, sai su kafe a kai. (Na ci wannan jarrabawar fa, har da yabo.) Shi ya sa ko alƙiblar wayata ban duba ba. Ni da iyayi!

Matan gidan Fulatanci suke hira, ni kuwa daga "jam" ta gaisuwa ba na iya ƙara komai. Daga lopital, wato asibiti, sai ɗaki, in ci abinci ni kaɗai, in yi salla ni kaɗai. Wallahi kaɗaici ya dame ni.

Rannan aka yi suna a gidan, wuri ya yi kaɗan, aka ce baƙi su yi la'asar a wajena. Murna kamar in yi tsalle, yau zan yi ƙawaye! Na shimfiɗa tabarmi da sallaya, duk na fuskantar da su ƙofa, na tayar da kabbara don in nuna musu hanya.

Na sallame, sai na ga kowa ta juya mini baya tana sallarta. 'Yan mata suna ta danne dariya da mayafi.

Inna Habiba, uwar maijego, mai jin Hausa, ta dafa ni.

"'Yata, tun yaushe kike fuskantar yamma?"

"Tun damina, Inna."

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta dubi ɗakin, ta dube ni.

"Ashe duk tsawon nan ba wanda ya shigo ya gan ki?"

Kunyar ta koma kuka, a gaban mutane, da majina da komai.

Har yau kaina ya nace gabas tana ƙofa, na daina gardama da shi. Na dai koyi barin ƙofar a buɗe, saboda mai zaman kaɗaici ko ta ɓata, ba mai gaya mata.