Sun Rufe Bakin Gola

Ranar Litinin na bar unguwarmu ta Tandabawi, nan ƙasar Larabawa, tun da hantsi, na shiga mota biyu, na hau bene hawa uku da wannan gwiwar tawa, don in ga Mudir, shugaban kulob ɗin da autana Munzali yake tsare wa raga. Na zauna har azahar, sannan aka ce Mai Girma Sarkin Kujera yana taro. Taron shinkafa da naman rago ne, ƙamshin yana iso ni har inda nake.

Ni ban yi makaranta ba. 'Yata Dalal ce take rubuta wannan, na kuma ce kada ta rage gishiri.

Ga laifin yaron. A wata ƙasa mai nisa ana shari'ar wani da ya kashe baƙar fata. Kullum talabijin sai ta nuna hoton mai kisan na ranar aurensa, yana murmushi. Shi kuwa mamacin, aka tono wani hotonsa yana hamma, ido jawur. Bayan wasa ɗan jarida ya miƙa wa Munzali makirufo, sai ya ce, "Alhamdulillahi mun ci. Amma mamacin nan ba shi da hoton Sallah ne?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Manya, Allah Ya ƙara musu basira, suka kafa kwamiti. Su kore shi? Golansu na biyu yana jinyar hannu. Sai suka yanke hukunci irin na masu ilimi: zai yi wasa, amma bakinsa a rufe wata guda, a cikin fili da wajensa. Jama'a, ko ni na san gola shi ne idon 'yan bayansa, shi yake musu ihu ga wani ta dama, ga wani ta hagu. Wasa biyu aka zura masa tara. Kwamiti ya sake zama, ya gano Munzali ya lalace, in aka sake cinsa ranar Juma'a a sallame shi. Hana wani, hana kai.

Da Mudir ya fito yana sakace na tare shi.

"Ya hajja," in ji shi, "ɗan wasa da ƙafa yake magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da wace gaɓar kake shugabanci?"

Ya ce, "Bukra," wato gobe, ya wuce. A bango ga ƙaton allo, wai kulob ba ya yarda da wariyar launin fata, da hoton ɗana a jiki, baki buɗe yana dariya.

Da na koma gida, maƙwabciyata Ɗaso ta ce, "Yaya, ki rufa wa kanki asiri. Ƙwai ba ya karo da dutse."

Na ce, "Ɗaso, wannan ƙwan ya dahu tun ba a haifi Mudir ba."

Na sa Dalal ta karanta mini takardar hukuncin sau biyu. Babu inda aka ambaci uwarsa.

Juma'a bayan la'asar na tsaya bayan raga, jikin waya. Ban san sunan kowa ba, ban san dokar wasa ba. "Kai mai ƙwaryar molo, yamin, dama na ce! Kai zangarniya, dawo gida, kallo aka aiko ka?" Rabi Hausa, rabi Larabci. Alƙalin wasa ma ya sami rabonsa, haka wani mai tuta da yake ta yawo a gefe ba aikin fari. Munzali kuwa sai hawaye, ban sani ba ko na kunya ne. Aka tashi ba a zura masa ko ɗaya ba.

Jiya takarda ta iso da hatimi uku. An buɗe bakin Munzali, ya ci gaba da tsaron ragarsa. An rufe nawa, wasa shida. Allah Ya ba su sa'a. Marigayi maigidana shekara arba'in ya yi yana gwadawa.