Mai Fosta Ya Buɗe Rumfar Shinkafa

Wani mutum ne a Gummi, sana'arsa zanen fosta da kwamfuta. Katin biki, kalandar Islamiyya, hoton 'yan takara, duk shi ne. Ba shi da oga, amma kowa ogansa ne. Wuni yake a ɗaki daga shi sai ƙugin janareta, har idanunsa suka yi jajur, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Dokar sana'ar kuwa kowa ya san ta: ba a biya sai an ga aiki, kuma ba a gamsuwa sai an yi gyara.

Da kakar siyasa ta kama, sai ga Alhaji Makau mai neman kujerar kansila, ya zo a yi masa fosta. Mutumin ya yi aiki tsaf, ya nuna masa.

Alhaji ya ce, "Yaro, rage mani tumbin ga."

Ya rage.

"Ƙara mani haske. Ka yi ni kamar yanzu na hito ramin zinari."

Ya ƙara.

"Sa mani murmushi. A'a, wanga ya yi yawa, sai mutane su aza rabon kuɗi za ni yi."

Haka aka yi ta fama, yau gyara gobe gyara, har Alhaji ya koma saurayi ɗan kwalisa. Ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Wanga kuma wane ne? Ko matata ba ta jefa mashi ƙuri'a. Maido na farko, shi ya hi."

Mutumin ya danna, na farko ya dawo, don kowane aiki sai ya ajiye kwafinsa. Amma fa ransa ya gama ɓaci. Ya tashi fuu ya nufi gida.

"Inna, na gaji! Ni mutane nika so. In ga mutum ya ci, ya yi gyatsa, ya sa mani albarka. Abinci za ni saidawa."

Inna ta ce, "Kwamfutar fa?"

"Na saishe ta. Ga tukunya can da buhun shinkafa."

Inna ta yi salati ta tafa hannu. "To buɗe kunnenka da kyau. Ran da buhun ga ya ƙare ba ka sawo wani ba, gonar kawunka Tsoho tana jiranka Nasarawa Burkullu."

Shi kuwa bawan Allah, ko hauya ya hango zazzaɓi yake yi.

Ya kafa rumfa a bakin tasha, shinkafa da wake da mai da yaji. Kuma wallahi ya iya, ƙamshi har bakin titi. Wanda ya fara tsayawa Rabe ne, ɗan kabu-kabu.

"Nawa faranti?"

Hali zanen dutse! Mutumin ya ce, "Haba, duba aiki tukuna. In ka gamsu sai mu yi magana."

Rabe ya dube shi, ya dubi farantin, ya gyara zama. Sai da ya kai loma ta ƙarshe ya ce, "Yaji ya yi kaɗan."

"Ba matsala, a gyara."

Ya zubo sabo. Rabe ya share shi tas.

"Yanzu kuma mai ya yi yawa."

Ya sake zubowa. Rabe ya lashe hannu, ya hau babur ya ce, "Aiki ya yi kyau. Bari in yi shawara da 'yan uwa, ka ji ni."

Mutumin ya bi shi da kallo yana murmushi. "Ka ji mai mutunci. Gyara biyu kacal!"

Kafin ka ce kwabo labari ya kai Anka, ya kai Bukkuyum. Masu haƙar zinari suka riƙa zuwa uku-uku a babur, ƙura har gira. Wannan ya ce wake ya rinjayi shinkafa. Wancan ya ce a matsar masa da yaji gefen dama. Wani ƙato ma cewa ya yi, "Ɗora mani nama bisa, in ga yadda za ya hito." Rumfa ta cika maƙil, ana ci ana shewa ana yi masa kirari, shi kuma baki har kunne. Ga mutane dai, ga gyatsa, ga albarka kamar ruwan sama.

Ya koma gida yana taƙama. "Inna, kasuwa ta buɗe! Tukunya ƙarƙaf!"

"Madalla. Ina ciniki?"

"Suna kan gyara."

Inna ta miƙe. Ta ɗauko hauya ta jingine masa a bakin ƙofar ɗaki.

Ran da ya kakkaɓe gindin buhu ya ɗora tukunyar ƙarshe, sai ya yi wa kansa alkawari. Yau kam dole wani ya gamsu. Yana saukewa sai ga mota ta tsaya. Wa zai fito? Alhaji Makau, ya sha kaye a zaɓe amma tumbi na nan daram.

"A'a, yaro! Nan ka koma? Zubo mu ga aiki."

Ya zubo. Alhaji ya share.

"Rage mani mai."

Ya rage. Alhaji ya share.

"Ƙara mani wake. A'a, wanga ya yi yawa, kashe ni za ka yi? Sake."

Mutumin na zubawa yana leƙen tukunya, hauyar Inna na yi masa gizo. Har ƙanzo ya kankare ya miƙa, shi ma Alhaji ya bi da shi. Sannan ya sha ruwa, ya saki gyatsa, ya shafa tumbi yana nazari.

"Ka san mi, yaro? Na farko ya hi. Maido shi, shi za ni biya."

Mutumin ya ɗora hannu a ka. "Alhaji, na farko ai yana cikinka!"

Alhaji ya miƙe ya kaɗe babbar riga.

"Au, ba ka aje kwafi ba? Kai, yaro, aikinka ya lalace!"