Rasuwar Ja, Motar Marigayi Maigidana

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Ja, motar tseren marigayi maigidana, mai ƙofa biyu da kujera biyu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hawan gada, tana da shekara talatin da huɗu. Ni ban iya rubutu ba. Babbar 'yata ke riƙe da biro, na kuma ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Sanadin ajalinta bashin naira dubu ɗari huɗu da ashirin ne, da na bi mai gidan burodi shekara uku.

Marigayiya ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar mutum na uku. Ran da aka kawo ta na ce asarar kuɗi ce, na yi sati ban yi wa mai ita magana ba. Amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ita ta kai ni asibiti ran haihuwar autana, kafin in gama zagin mai tuƙin mun isa. Da safe takan yi tari biyu, sannan ta saki muryar nan tata, wuuum, har gilasan taga su amsa. Da maigida ya kwanta ciwon ajali, bai yi mini zancen gida ko fili ba. Roƙonsa ɗaya, kada a raba Ja da injinta. Na ɗauki alkawari, hannunsa a cikin nawa.

Bara ta fara hayaƙi da shan baƙin mai. Bakanike ya duba ya ce injin zai tashi, sai dai a yi odar kaya a jira wata uku. Autana ya ce shi zai biya. Na ce ba mai fitar da sisi a gidana alhali kuɗina na kwance a waje. Mai burodi yana da wata akori-kura da ta yi hatsari, jiki ya tafi, injin dizal ɗinta garau. Na karɓe shi a bakin bashina, na dawo gida ina jin na yi wayo.

Bakanike ya gwada da awo sau biyu, ya girgiza kai. Na tambaye shi ko motar ubansa ce. Aka yanke bonet, aka ƙwaƙule cikinta, mai walda ya kwana uku a kanta. Tsohon injin kuwa na sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, har ina jayayya a kan kilo biyu. Rubuta wannan ma.

Ta tashi, amma ba da muryarta ba. Gwaf-gwaf-gwaf, kamar injin niƙa. Hancinta ya duƙa ƙasa saboda nauyi. Masu tsayawa su kalle ta suka koma toshe hanci. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana haƙuri. A na sha biyu, ina kujerar gefe na ci ado, muka ji ƙas! Ƙarfen gabanta ya rabe biyu, injin ya zauna daɓas a kan kwalta, yana ta aikinsa ko a jikinsa.

Ta rasu ta bar tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da makulli biyu, da tabarau na maigida a aljihun ƙofa. Ta bar autana, wanda yake gaishe ni yana kallon bango. Ta bar injin nan lafiya lau, har mai burodi ya aiko tambaya ko zan sayar masa a rabin kuɗi.

Na koma wurin 'yan gwangwan da kuɗi ninki uku a haɓar zane. Sun riga sun farfasa tsohon injin. Mai burodi ya fita, babu ko kwabo a kansa. Ni da ko allura ba a taɓa bi na ba, yau ga ni da bashin marigayi, wanda ba shi da ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Janwe zai ɗauko ta daga garejin bakanike ranar Asabar da ƙarfe goma. Ba za ta hau sikeli ba. Za a kwantar da ita a rumfar bayan gida, a rufe ta da tamfol, cikinta wayam. A nan zan zauna karɓar gaisuwa, kada kowa ya ce mini ba laifina ba ne. Duk wanda nake bi ya zo hankali kwance, ranar ba zan tambayi kowa ba. Daga Lahadi kowa ya san abin da ke kansa. Ni ma na san nawa.