Bokitin da Ba a So Ya Jiƙe

Jiya saura kaɗan a kore ni daga gidan adana zane-zane saboda na taɓa bokiti. Ku zauna ku yi mana alƙalanci.

Kawuna mai rubuta allunan shaguna ne. Duk rayuwarsa zane ɗaya ya yi don kansa, na Kaka tana ɗinki a bakin taga, kuma shi aka karɓa aka rataye a gidan. Tun ranar ba mu huta ba, ko baƙo ya zo wucewa sai Kawu ya ja shi ya je ya gani. To rufin ɗakin yana yoyo, kuma ruwan bai ga wurin sauka ba sai goshin Kaka.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ɗan abin da na sani a wayar yayata na tsinta, amma a iya sanina idan rufi na yoyo, rufi ake gyarawa. Na faɗa wa Yallaɓai Shugaban gidan haka. Ya dube ni da tausayi.

"Malama, ba haka ake harkar tallafi ba. Abokan hulɗarmu abin da za a liƙa wa suna suke bayarwa, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Wa zai hau kwano ya karanta suna?"

"Tsuntsaye, Yallaɓai."

"Tsuntsu yana sayen jarida?"

Ya fi ni gaskiya. A gidan nan benci yana da suna, mariƙin ƙofa yana da suna. Tabarmar goge ƙafa ma ta taɓa samun mai ita, sai dai da ya ga ana taka sunansa safe da yamma ya janye.

Ana haka Allah ya kawo wani Mai Girma Uban Masu Fasaha, ya ji kukanmu, ya ba da bokiti. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yi jawabi har masu hoto suka fara hamma. Bokiti shuɗi, da allon tagulla wanda ya fi shi nauyi. Aka rataye shi a ƙusa saman zanen don ya tare ruwa, muka tafa, Kawu har da ƙwalla. Sai ɗigon farko ya sauko, tas, a kan sunan Mai Girma. Matarsa ta riƙe baki. Nan take aka sauke bokitin, aka goge shi da hankici, aka kai shi kusurwar da ba ta yoyo, aka zagaye shi da jar igiya.

Jiya da hadari ya haɗu, ni da Kawu muka ruga gidan. Na tsallake igiya na ɗauko bokiti zan mayar. Maigadi ya busa usur.

"Ke! Ajiye shi! Kayan abokin hulɗa ne!"

"Baba, Kakata ce ke jiƙewa."

"Kakar taki me ta bayar?"

Kawu ya nufi bango. Ya sauke zanen, ya share shi da hannun riga, sannan ya ce, "Maigadi, wannan fa, in na tafi da shi?"

Maigadi ya juya shi gaba, ya juya shi baya. "Babu sunan kowa a jiki. Tafi da shi."

Sunan Kawu na nan a ƙasa da jan fenti, ɓaro-ɓaro, yadda ya saba yi wa masu aski.

Yanzu Kaka tana shagon Kawu, a bushe, tsakanin allon mai gyaran waya da na mai wanki da guga. Kawu ya ce nan ma ta fi ganin mutane, amma tun jiya bai kira kowa ya zo ya gani ba.

Af, ɗazu na ji labarin tabon da ruwa ya bari a bangon. Wasu manyan baƙi sun daɗe tsaye a gabansa suna gyaɗa kai, har wani kamfani ya ɗauki nauyinsa. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a gyara rufin.