Nomau da Muryar Inna

Gidanmu mu uku ne: Inna, da ni, da yayana Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa. Da damina Inna ta rasu. Abin da ya rage mini na muryarta waƙar daka ce, wadda wasu baƙi suka taɓa naɗa suka sa a shafin intanet. Sai shafin ya ƙi buɗewa. Ilu mai gyaran waya ya ce wayata ce ta toshe kukis, 'yan alamun da shafi ke ajiyewa don ya tuna da mutum.

Wata rana na ce wa Nomau, "Shafin nan bai san mu ba, shi ya sa." Ya karɓi wayar, ya durƙusa, ya yi mata sallama. "Ni ne Nomau ɗan Hajara, gidanmu bayan rijiya. Wannan ƙanena ne Sabi'u, ba ya cin abinci." Ya jira amsa har ƙafarsa ta yi tsami.

Wata rana Ilu ya ce da shi, "Toshewar nan ma kariya ce, don kada a riƙa bin sawunku." Nomau ya dawo gida da baya da baya, yana share sawunsa da reshen darbejiya, har ya faɗa kwandon tumatir ɗin maƙwabciyarmu Ladiyo. Ta bi shi da muciya har ƙofar gida.

Wata rana na gaji, na jefar da wayar kan tabarma. "Yaya, je ka nemo mini wanda ya san yadda waƙar nan za ta fito." Ilu nake nufi. Bayan la'asar sai ga shi da Gwaggo Tabawa, ƙanwar Inna, da tsofaffi biyu da suka saba daka tare da Inna, shi kuma ɗauke da turmi a ka.

"Yaya, me ye haka?"

"Ilu bai iya ba. Na ce ya rera, ya kore ni."

Gwaggo ta dube ni, ta zuba gero a turmi. "Matsa can, ɗan nan, duk ka rame."

Taɓarya ta sauka, Gwaggo ta ɗauko waƙar. Inda Inna ke jan numfashi, nan ita ma ta ja. Na kifa kaina a gwiwa, kukan da na riƙe tun ranar jana'iza ya zo. Nomau ya zauna kusa da ni, yana amshi ba daidai ba.

Da suka dama furar, na sha.